Hanyar da Aka Shuka

Keken Baba ya girme ni. Baƙi ne mai dogon ƙaho, sirdinsa na fata ya lotsa daidai zaman mai shi, ƙararrawarsa kuma tana da wata siririyar murya da ko cikin barci na ji ta sai na gane. A kansa Baba ya yi sana'arsa ta gyaran rediyo da tocila, yana cin kasuwannin ƙauye, yau Urafane, gobe Kona, wani lokaci ya miƙa har Tchaké can ƙasar Mayahi ya kwana. Akwatin kayan aiki a baya, buta a rataye gaba. Idan ya ɗauke ni bisa ƙarfen gaba ina yaro, abin da ya zauna mini shi ne ƙamshin dalma da man keke, da gemunsa yana sosa mini ƙeya, da itatuwan gawo suna tahowa a hankali suna wuce mu, mu kuwa kamar a tsaye muke.

Da kowa ya koma waya, masu kawo rediyo gyara suka ƙare. Baba ya ajiye akwatin, amma bai ajiye keken ba. Tafiya ɗaya ta rage masa. Duk Alhamis da hantsi yakan fita Tasawa ya tafi gaida ƙanwarsa, Gwaggo, a wani ƙauye da ke kan hanyar Kona. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Idon Gwaggo ya yi hazo, ba ta gane fuska sai murya. In Baba ya kai tsamiyar bakin gari sai ya kaɗa ƙararrawa, ita kuma ta sa a shimfiɗa tabarma a dama fura. Ba wata hira suke yi ba, tsiya ce kawai suke yi wa juna kan wanda ya fi tsufa, sai la'asar ya juyo gida fuskarsa a sake.

Mantuwa ta shigo masa a hankali. Ya ci tuwo ya tambayi yaushe za a kawo tuwo. Ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ban san kaina ba. Rannan kuma wani mai amalanke ya dawo mana da shi da keken duka, ya ce can ya tsince shi kan hanyar da ba ta zuwa ko'ina sai wata tsohuwar rijiya. Wana, wanda muke kira Yaya, ɗan kasuwar hatsi ne, a gidansa Baba yake zaune, kuma shi mutum ne da in ya tsorata sai ya yi fushi. Ya ce a kulle keken. Na ce in aka raba Baba da keke an raba shi da Gwaggo, in aka raba shi da Gwaggo kuwa ban san abin da ya rage masa ba. Muka kai ruwa rana a zaure har maƙwabta suka fara leƙe. Ni ma ba baya ba ne wajen zafin kai, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, na saba in yi magana a yi shiru.

"Sau guda," in ji Yaya daga ƙarshe. "In ya ƙara ɓacewa sau guda, in rataye keken, kuma ba ni son jin bakinka."

Na fara da waya. Na ɗaure wata a ƙahon keken da robar tsohuwar taya, na buɗe masa taswira. Rana ta haske gilashin ba a ganin komai, wayar ta yi zafi ta mutu, Baba kuma ya kwance ta ya sa aljihu don tausayi, ya ce mai hankali ba ya barin kayan wuta a rana. Sai wani abokina mai butiki, shagon sayar da waya, a Maraɗi ya nuna mini hotunan wasu ƙananan na'urori da masu tseren keke ke ɗaurawa a ƙaho, waɗanda ake kira GPS, ya ce in na zaɓa zai sa a kawo.

Na yi makonni ina wannan zaɓe, kuma ban taɓa jin daɗin wahala kamar ta ba. Kowace na'ura da abin da take taƙama da shi. Wannan tana auna gudu, waccan tana ƙirga bugun zuciya, wata kuma tana faɗa maka tsawon dutsen da za ka hau. Na yi dariya ni kaɗai, mu da ba mu da dutse sai tudun yashi, kuma gudun Baba akuya mai ciki ma tana iya wuce shi. Abin da nake nema kaɗan ne. Gilashin da ake gani da tsakar rana. Batir da zai jure ko an ɗauke wuta an manta ba a maido ba. Maɓallan dannawa, don yatsun Baba sun bushe, gilashin shafawa ba ya jin su. Sai kuma ta iya haɗuwa da ƙaramar wayar da zan ɓoye a jakar sirdi, ta riƙa aiko mini da inda yake. Biyu suka rage a ƙarshe: ƙarama mai nuna kibiya da layi kawai, da babba mai ɗaukar taswira. Yaya ya ce a ɗauki ƙaramar a huta. Jin haka ya sa na ɗauki babbar.

Taswira ma biyu ce. Wadda ta zo da na'urar ta san gudron, hanyar kwalta, ta san jar hanyar latarit, sauran ƙasarmu kuwa fari fat, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Raina ya ɓaci da na gani. Ɗayar kuma wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke zana ta don kansu, suna bin hotunan da aka ɗauko daga sama, kuma abokina ya ce ana iya zuba ta cikin na'urar. Ya buɗe mini ita. Ga turbobi nan sirara sun bazu ko'ina, daga rijiya zuwa rijiya, daga ƙauye zuwa kasuwa. Bayan la'asar sai in kwanta bisa tabarma in riƙa yawo cikinta da ɗan yatsa. In bi ta Urafane in ga ko kukar da muke hutawa ƙarƙashinta tana nan, in zarce yamma har Tchaké inda ban taɓa zuwa ba sai a bakin Baba. Wani lokaci barci ya ɗauke ni a kan hanya, in farka ban san ƙauyen da na tsaya ba. Ina mamakin wani baƙo a wata ƙasa mai sanyi da ya zauna ya zana turbar da jakunanmu suka taka, bai san sunan ko ɗaya daga cikinmu ba. Hanyar Baba ma tana ciki: a bar latarit, a bi burtali kaɗan, sannan a yanke ta tsakiyar gonaki kai tsaye har tsamiya. Rani ne lokacin, ban kuma tambayi kowa yaushe aka ɗauki hotunan ba.

Ranar da na kawo na'urar Baba ya karɓa ya juya ta, ya nemi inda kusoshinta suke, ya kara ta a kunne, ya tambayi tasha nawa take kamawa. Na ce wannan ba ta magana, hanya take nunawa: ya bi layin nan, in ta yi kuka to ya saki hanya, ya dawo. Ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ji suna amsawa ƙarƙashin yatsa, ya gyaɗa kai irin na mai sana'a da ya ga aikin kirki. Ya ce ashe ɗan rakiya na samo masa. Sunan ya bi ta, har jikoki suka kama.

Rani ya wuce, bazara ta shigo, ɗan rakiya bai ba ni kunya ba. Duk Alhamis in aka fita hutun hantsi a lakwal sai in zauna ƙarƙashin dogon yaro in buɗe wayata, in ga ɗan ɗigon nan yana rarrafe. Na san inda yashi ya yi laushi, don nan yake tsayawa, Baba ya sauka ya rage iskar taya ya tura. Na san inda yake tsayawa gaida masu ban ruwa. In ɗigon ya kai tsamiya sai in ji ƙararrawar a kunnena, ni da nake Tasawa, yara suna ta ihu kewaye da ni. Na yi farin ciki a watannin nan, na kuma yi girman kai. In na haɗu da Yaya sai in nuna masa wayar, shi kuma ya kau da kai.

Mu nan hanyoyinmu iri biyu ne, kuma ba wanda ake zaunar da shi a koya masa wannan. In an kwashe amfanin gona aka saki gonaki, kowa yakan yanke ta inda ya fi kusa, ƙafa da kofato da tayar amalanke su buɗe turba a tsakiyar gonar mutum, mai gona bai ce uffan ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, zai shuka gonarsa har iyaka, da turbar da komai, ba ya neman izinin kowa. Daga ranar kowa ya koma bin burtali da gefen gonaki, komai nisan zagayen, sai wata kakar. Da wannan aka haife ni. Daga baya ne abokina ya ce mini masu zanen suna zaɓar hotunan ranar da babu gajimare, ranakunmu marasa gajimare kuwa na rani ne. Ni dai na kalli gilashi na ga layi, na ɗauka layi ba ya motsi.

Ruwa ya sauka, gari ya watse zuwa gona, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga har cikin aji. Alhamis ta farko Baba bai fita ba, ana yayyafi. Ta biyu ya fita. Ɗigon ya tafi da sauri yadda ban taɓa gani ba, don yashi ya kwanta ya yi tauri, lokacin da keke ya fi daɗi ke nan. Ya bar latarit, ya shiga burtali, sai ya tsaya. Na ce rezo ne, sabis ɗin waya ya ɗauke. Aka tashi daga lakwal yana nan. Aka yi azahar yana nan. Wayar jakar sirdi ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Da Yaya ya kira ni ban amsa ba, na hau moto, babur ɗina, ina zagin rezo, ina zagin masu na'ura, ina shirya faɗan da zan yi wa Baba.

Daga kwanar latarit na hango shi can a bakin burtali, a tsaye, riƙe da keke, ba inuwa ko ta kara. Ban tsaya zagayawa ba, na yanke kai tsaye ta cikin gona na iske shi. Kansa ba hula. Hular tana kan ɗan rakiya, ya rufe shi kada rana ta taɓa shi. Butar ba ko ɗigo, leɓɓansa sun tsage. Gabansa kuma, inda turbar take, tsiron hatsi ne layi layi, kore shar, bai fi tsawon yatsa ba. Na buɗe baki zan fara, sai na ga ba ni yake kallo ba. Sawun tayar motona yake kallo, yadda ya ratsa gonar tun daga kwana.

"Kai ɗan wane ne?" ya ce. "Ubanka bai hwaɗa maka ba a taka shuka ba?"

Na ce ya faɗa mini. Ya ce to in tsuguna in tayar da abin da na kwantar. Na tsuguna, shi ma ya jingine keken ya tsuguna gefena, muka riƙa ɗaga tsiron da yatsa muna tara masa ƙasa. Bai karya ko ɗaya ba. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗe mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Da muka gama na ɗaga hular, ga kibiyar nan tana nuna tsakiyar gona. Na tambaye shi abin da ya hana shi zagayawa ta burtali yadda ya saba kowace damina. Ya dube ni bai gane maganar ba. Zagayen ya fita daga kansa, kuma na san duk ranin nan da ya yi yana bin layina ya taimaka wajen share shi.

"Ɗan rakiya ya ce nan ne, ni ma na san nan ne," ya ce. "Amma an yi shuka. Sai mu jira su kwashe."

Kafin magariba Yaya ya rataye keken da igiya a azarar zaure. Na ce Baba bai ɓace ba, ga shi nan a waya, yana kan layi daidai, ko taki ɗaya bai kauce ba. Yaya ya ce in bar kallon waya in kalli bakin tsohon. Sai na ɗaga murya, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa wa. Baba ya kwanta da zazzaɓi. Ni da Yaya muka koma gaisuwa daga nesa.

Da aka ba da hutu na ari keken wani maƙwabci na ɗaura ɗan rakiya, na ce zan koya masa hanyar damina da kaina. Na'urar tana iya riƙe duk inda ka bi ta mayar da shi layi. Na shiga burtali da safe, hatsi ya riga ya wuce kaina ta kowane gefe, ba a ganin komai sai kore da wata doguwar tsaga ta sama. Ganye yana shafar kafaɗuna, kurciya tana kuka can ciki, iska in ta taso sai gonakin su yi wani shuu mai tsawo da ke sa mutum ya manta abin da ya fito yi. Na tsaya shanu suka wuce ni a hankali, makiyayin ya ɗaga mini sanda. Na zagaya wani tafki da taswira ba ta san da shi ba. A gilashi kuwa wani sabon layi yana fitowa bayana, yana ratsa wurin da ba kowa ya zana. Na ji kamar ina bisa ƙarfen gaba kuma, har na sunkuyar da kai don kada gemu ya sosa mini ƙeya.

Na kai wa Yaya sabon layin. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce akwai ƙahon shanu, akwai tafki, a bari sai kaka. Mota ba ta ratsa burtali da damina, sai muka ce za mu kai Baba a moto, Baba ya ce shi ba buhun wake ba ne da za a kai wa ƙanwarsa a ɗaure. Gwaggo kuwa ƙafafunta sun daina ɗaukar ta nesa, moto kuma ta rantse ba ta hawa. Muka haɗa su a waya. Ya saurara da kyau, ya miƙo mini, ya ce wannan tashar muryarta kamar ta ƙanwarsa. Kullum da safe yakan zauna a zaure ƙarƙashin keken, ya miƙa sanda ya juya tayar baya, ya saurari ƙarar, in wani ya shigo ya tambaye shi ko sun kwashe. Da damina ta yi nisa tambayar ta ragu, ya koma juya tayar kawai.

Kaka ta zo, dammuna suka shiga rumbu, aka sare kara, aka saki gonaki. Ba a daɗe ba turbar ta dawo inda take, amalanke ya riga ya yi mata sawu. Wata Laraba na shiga zaure na iske keken a ƙasa, Yaya a tsugune da babbar rigarsa yana zuba wa sarƙa mai. Bai ɗaga kai ba, ya ce in kawo ɗan rakiyan nawa gobe. Washegari ya sa Baba gaban motarsa ta kaya, ni da keken a baya, ya kai mu har bakin burtali, daidai inda na iske shi.

Baba ya sauka ya dubi gonar, tushiyoyin kara da awaki suna kiwo a ciki.

"Sun kwashe?"

"Sun kwashe, Baba," in ji Yaya.

Ya karɓi keken, ya gyara hula, ya duba kibiyar ya gyaɗa mata kai. Ya ɗora ƙafar hagu bisa feda. Sai ya tsaya haka. Ya dubi ƙafar, ya dubi sirdi, ya sauke ta ya sake ɗorawa. Mutumin da ya kai Tchaké bisa wannan keken, ƙafarsa ta rasa abin da ke biyo baya. Damina ɗaya a rataye ta isa. Na juya zan kalli Yaya, duk maganar da na tara tana bakina, sai na ga ya toshe bakinsa da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na haɗiye ta.

Baba bai nuna damuwa ba. Ya sauke ƙafar, ya kama ƙaho da hannu biyu, ya fara turawa. Muka bi shi a baya. Rana ta hau, inda yashi ya yi laushi ya tsaya ya rage iska yadda ya saba, muka ba shi ruwa ya sha ya ci gaba. Ɗan rakiya bai yi kuka ko sau ɗaya ba. Da muka kai tsamiya ya tsaya, ya sa babban yatsa ya kaɗa ƙararrawa, sai muka ji murya daga bayan darni tana cewa a kawo tabarma, a kawo tabarma.

Gwaggo ta fito tana lalube, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon wajen da ƙarar ta fito. Ba ta ga ƙurar da ta rufe masa ƙafafu har gwiwa ba, mu kuma ba wanda ya faɗa mata.

"Mai keke, ka daɗe," ta ce. "Na ce ko tsuhwa ne ya kada ka."

Baba ya jingine keken a jikin darni, ya cire hula ya rufe ɗan rakiya.

"Tsuhwa na wajenki," ya ce. "Hanya ce aka shuka."